Inci Biyar a Motar Rra Kutlo

Duk wanda ya zauna a garin Letlhakeng ya san Otukile, ko da yake ba mai kiransa da wannan suna sai takardar fanshonsa. Rra Kutlo ake ce masa, wato baban Kutlo, matarsa kuma Mma Kutlo. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin rijiyoyin burtsatse, ya ajiye aiki da farar a-kori-kura guda ɗaya da taurin kan da ya ishi mutum uku. Mutumin kirki ne, ban ce a'a ba. Amma in ya ce hagu, to ko rami ne a hagun sai ya faɗa.

Gonarsu tana can cikin rairayi, tafiyar awa biyu, kuma ta Mma Kutlo ce, wajen uwarta ta gada. Da ruwan farko ya sauka a Nuwamba, don a ƙasar nan lokacin ne damina ke farawa, za ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauko gwangwanin irinta, dawa da wake da kankana da take ajiyewa cikin toka, ta shige gaban mota tun bai gama shan shayi ba. Daga gida har gona faɗa suke yi. Ta ce gudu yake, ya ce ta zo ta karɓi sitiyarin mana. Wallahi babu abin da mutumin nan yake so a duniya kamar wannan tafiya, sai dai bakinsa bai taɓa faɗa ba.

Hanyar ce fitina. Manyan motoci sun ƙwaƙule sawun taya, tsakiya ta yi tudu, cikin motarsa kullum yana gurzar ƙasa. Ran nan ta kafe ƙam. Wa zai zo wucewa in ba maƙwabcinsa Gaolathe ba, da keken jakunansa? Jakai huɗu suka fizgo motar, Gaolathe na dariya har da riƙe ciki.

"Rra Kutlo, ka yar da safayar tayar nan, ka sayi jaki ɗaya ka riƙa ɗorawa a baya."

Wannan maganar ce ta kai shi Molepolole, garejin wani makanike mai suna Ditiro, wai a ɗaga masa mota. Ditiro ya shimfiɗa masa sifirin da shokozoba kashi biyu a ƙasa.

"Wannan zai ɗaga ta inci biyu, ya ishe ka hanyar gona har da saura. Wancan inci biyar ne, na masu shiga daji kallon zaki."

"Sa na biyar ɗin."

Ditiro ya sosa ƙeya. "Rra, wa kake ɗauka a gaba?"

"Ina ruwanka da wanda nake ɗauka? Kai makanike ne ko ɗan sanda?"

Ka ji fa. Mutum ya yi masa tambayar da ta fi kowace, shi ko ya gwasale shi. Ya dawo gari motar ta miƙe kamar raƙumi, ya tsaya a ƙofar Gaolathe ya danna hon sau uku.

Ranar Lahadi suka tafi coci. A gida akwai wani bulo a bakin ƙofa, shi Mma Kutlo ta taka ta shiga da ƙyar. Da aka tashi, a harabar coci babu bulo. Ita ce shugabar matan zumunta, matan kuwa duk suna tsaye cikin fararen rigunansu. Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa, siket ya yaye har cinya.

Da gudu ya kamata ya zagayo. Maimakon haka kunya ta kama shi, ya yi 'yar dariya don ya rufe.

"Haba Mma Kutlo, sai ka ce yau kika fara shiga mota."

Ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe jiki, ta tafi gida a ƙafa. Da yamma ta ajiye masa tuwon dawa da madila, nonon nan mai kauri da tsami, ta tsaya a kansa.

"Rra Kutlo, ka mayar da motar yadda take. Gwiwata ba ta kaiwa."

"Za ki saba. Zan ajiye miki akwatin lemo ki riƙa takawa."

"Ni ba akuya ba ce da za a loda. Na dai faɗa maka."

Mma Kutlo ba ta maimaita magana, ya fi kowa sani. Amma abin da ya tsaya masa a rai bakin Gaolathe ne: yau an ɗaga, gobe an sauke, ai ya shiga uku da tsiya. Sai ya ce mata bayan girbi zai kai a gyara.

Nuwamba ta zo, ta auna masa iri a takarda, gwangwanin bai fito ba. Ya tafi shi kaɗai. Motar ba ta kafe ko sau ɗaya ba, haka kuma babu mai ce masa yana gudu. Awa biyu shiru, har rediyo ya kunna ya kashe. In ya dawo sai ta tare shi da tambaya: shingen gabas ya faɗi? Itacen morula ya yi 'ya'ya? Yana ba ta amsa yana kallon takalminsa. Girbi ya wuce, ya ce sai an sayar da maruƙa. Wata Nuwamba ta zo ta wuce. A sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasar nan, ciwon ƙirji ya kwantar da ita, mako guda ta yi ta rasu.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun watse, 'yarsu Kutlo tana gyara ɗakin uwarta, sai ta kira shi. A bayan ƙofa ga gwangwanin iri ɗaure cikin ɗankwali, ga takalman gona an jera a gefensa.

"Na so in kawar da su tun bara," in ji Kutlo. "Mama ta ce kar in taɓa, wai ka kusa kai motar a sauke."

Ashe ta yarda da shi. Duk lokacin da ya ce bayan girbi, ita da gaske take ɗauka.

Yanzu in ka gan shi a hanyar gona, motar ta koma ƙasa yadda take, gwangwanin yana kan kujerar gaba. Yana kafewa wani lokaci, Gaolathe ya zo da jakai ya ja shi, amma Gaolathe ya daina yi masa tsiya. Rra Kutlo ya rame, ya daina musu da kowa, kuma ni dai ban ji daɗin wannan sauyin ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi, labarin ranar da ya koma gareji zai ba shi. Ya tarar da tsofaffin ƙarafan motar suna nan ƙarƙashin benci, Ditiro bai yar ba.

"Kwana nawa aikin zai ci?" ya tambaya.

"Kwana kuma, Rra? Je ka sha shayi ka dawo."

Bai je ba. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana kuka, makanikai na kawar da kai. Awa uku aikin ya ci.