Shivalingappa Kadakol, Wanda Ake Kira Yayan Soja

Haihuwa da Karatu

An haifi Shivalingappa Kadakol a shekarar 1948 a garin Ramdurg, a gidan Fakirappa masaƙi da matarsa Nilavva. Ya yi karatu har aji bakwai tare da ƙaninsa Gurupada, wanda malamai suka shaida da kyan fuska da rashin haddace darasi.

Aikin Soja da Aure

A shekarar 1967 su biyun suka je wurin ɗaukar sojoji a birnin Belagavi, aka karɓi Shivalingappa, aka mayar da Gurupada saboda ƙirjinsa bai kai awo ba. Shivalingappa ya yi shekara ashirin yana gadin iyaka a duwatsun arewa, inda ƙanƙara ta cinye masa yatsun ƙafa biyu. A hutun 1974 ya auri Kasturi, 'yar wani manomi. Shi kuwa Gurupada ya bi masu wasan kwaikwayo ƙauye-ƙauye, har ya gangara birnin Bengaluru, inda ake shirya fina-finai.

Fim

A shekarar 1989, bayan Shivalingappa ya ajiye aiki, aka nuna wani fim na kishin ƙasa da harshen Kannada, yaren yankinsu, wanda Gurupada ya fito a ciki a matsayin kurtun da harsashi ya samu, ya faɗi rungume da tuta yana kiran uwarsa. Ramdurg kaf ta yi kuka, har da Nilavva, wadda ba ta taɓa zubar da hawaye a kan yatsun babban ɗanta ba. Tun daga lokacin Gurupada ya zama Soja a bakin jama'a, sojan gaskiyar kuma ya koma Yayan Soja.

Kishi ne ya kama shi, babu wani suna da za a ba abin. Duk ranar bikin 'yancin kai makarantar garin takan rataya wa Gurupada furanni, shi kuma a ba shi kujera a layi na biyu. An ruwaito cewa wata shekara ya tare ƙanin a gaban mutane ya ce, "Kai da ko azabar sanyi ba ka sani ba, jinin ma na kanti aka shafa maka."

Gurupada ya ce, "Yaya, ni fa ban ce su kira ni haka ba. Da kai ma ka mutu a gabansu, da sun tafa maka."

Daga ranar bai sake cin gurasar dawa a gidan ƙaninsa ba, ya kuma hana 'ya'yansa kallon fim ɗin, ko da yake an tabbatar Kasturi ta kalla a ɓoye fiye da sau ɗaya.

Rasuwa

Shivalingappa ya rasu a watan Yuli na 2016 bayan doguwar jinya, ba tare da sun shirya da ƙaninsa ba. An binne shi a gonar iyali bisa al'adar mutanensa, kuma taron ya cika maƙil, domin mai shela ya zaga gari yana cewa Yayan Soja ya cika, jama'a suka fito yi wa Soja ta'aziyya. Ya bar matarsa Kasturi da 'ya'ya huɗu: Virupaksha, Girija, Sangamesh da Ratna. Ya kuma bar ƙaninsa Gurupada, wanda tun ranar, duk wanda ya kira shi Soja a hanya, ba ya waiwayowa.