Tuwon da Inna ta ɓoye

Na shiga ɗaki na tarar da Rabi, amaryar yayana, ta zuba wa funkaso da taliya ido kamar za ta yi kuka. Zuwanta na farko ke nan gidanmu a Karaye. Ashe likita ya hana ta cin duk abin da aka yi da alkama, saboda murɗa mata ciki yake yi. Amma da wane baki za ta gaya wa uwar miji?

Ni na je na raɗa wa Inna.

Ta dafe ƙirji. "To me za ta ci? Sai tuwonmu na dawa da miyar kuka, shi ma ɓoye shi na yi kada 'yar birni ta raina mu."

Na kai wa Rabi malmala biyu. Kwano ya dawo kamar an wanke.

Inna ta leƙa ɗakin ta ce, "'Yar nan, tun jiya nake fama da alkama, ashe tuwon gida kike so? Don Allah kada ki faɗa a Kano."

Funkason dai ni na taimaka masa.

Ku fa, me kuke ɓoyewa idan baƙi sun zo?