Furen da Kaltume ta sani

Kaltume ta tashi tana kiwon awaki a fakon Arkilla, tun ba a kafa tubali ko ɗaya a wurin ba. Can ta san wata bishiya gajera mai ƙaton gindi, wadda ke fidda jan fure tsakiyar rani, ba ganye a jikinta. Ko akuya ba ta taɓa ta, don ruwanta dafi ne.

Da gidaje suka ci fakon, sai masu sayar da fulawa suka bi sauran irin bishiyar suna tonewa. Kaltume, yanzu tsohuwa mai dakau a Unguwar Rogo, ta ga ta ƙarshe cikin tukunya a ƙofar wani ma'aikaci. An yi ta ɗura mata ruwa har ta ruɓe. Abin da ya gagari fari, gata ya kashe shi.

Ta dawo gida tana huci, tana ba jikarta Fauziyya labari.

"Inna, mi as sunanta?"

"Ƙarya."

Fauziyya ta yi dariya. "Ai dama na sani."

Sunan bishiyar ke nan, amma yarinyar ta ɗauka labarin ne ƙarya. Kaltume ta miƙe za ta kai ta ta gani da idonta, sai ta rasa inda za ta nufa.