Kwikwiyona da Rairayin Soron Malam

Abubuwa da yawa sun faru da ni a gidan aurena waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani. Amma dagar da muka sha da wani ɗan kwikwiyo a kan soron surukina, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Gidanmu a Gwale yake, irin tsofaffin gidajen nan na gado, can ƙuryar lungu. Surukina malami ne. A soron ƙofar gida yake ba magidanta karatu safe da yamma, a nan kuma suke sallah in ruwan sama ya hana su fita masallaci. Ni kuwa sana'ata kiwo. Nakan sayi ƙananan raguna in turke su a ƙuryar gida, in yi ta ɗura musu dusa da harawa har Babbar Sallah. Da wannan nake rufa wa kaina asiri, ban taɓa miƙa wa kowa hannu a kan zanen ɗaurawa ba. Sai wata shekara aka hauro katanga aka ɗauke mini guda biyu, waɗanda suka fi saura ƙiba. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Maigidana ya ce tunda ɓarayi sun ga hanya, in sayar da ragowar in haƙura da kiwon gaba ɗaya.

Ni da haƙura da kiwo? Ai sai na tuna kawuna mafarauci da ke wajen Ƙofar Mazugal, karyarsa ta haihu ba da daɗewa ba. Na matsa wa maigidana, shi kuma ya kai maganar gaban mahaifinsa. Malam ya sa aka kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, "'Yata, kare na gadin dukiya shari'a ba ta hana ba. Amma soron nan wurin karatu ne da sallah. In ya mai da shi makewayi, zai koma inda ya fito."

Na ce, "Baba, da yardar Allah ko ƙofar ba zai leƙa ba."

Baki dai shi ke yanka wuya. Aka kawo mini ɗan kwikwiyon a kwali, baƙi wuluk, kunnuwa a kwance, ga ciki tulu-tulu, yana tafiya yana tangaɗi. Yaran gida suka sa masa Duna. Ni da na karɓe shi don raguna kawai, ban ankara ba sai ga shi ya shiga raina. Duk inda na sa ƙafa yana biye, in na zauna tankaɗe ya kwanta a gefe yana kallona.

Ba a yi kwana nawa ba na leƙa soro da hantsi, lokacin ɗalibai sun watse, na tarar da aika-aika a tsakiyar wurin. Duna ne ya yi kashi a nan. Soron Malam ba siminti ba ne, rairayi ake shimfiɗawa, mai laushi, fari tas, kamar yadda aka gada tun kakanni. Na ɗauko kasko na kwashe wurin har da kewayensa, na kai bola, na cike da sabo. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Na zama kamar ɓarauniya a gidan mijina, ina sanɗa da kasko a ƙarƙashin mayafi.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na ɗaure shi, ya yi ta kuka har Malam ya aiko cewa ba sa jin karatu. Na tare ƙofar soro ta ciki da katako, yara suka riƙa turewa in za su fita. Maƙwabta kowa da tasa shawarar. Wata ta ce in dangwara masa hanci a wurin in tsula masa silifa. Na yi, bai ƙara komai ba sai tsorona, ya koma yana fakar idona kafin ya je. Wata kuma ta rantse mini cewa barkono ne maganinsa, in barbaɗa a bakin ƙofa. Na barbaɗa, har da ƙari don ya ji a jikinsa. Da yamma iska ta kwashe shi ta yi cikin soro da shi. Ina tsakar gida na ji dattawa masu gemu suna ta atishawa bi da bi, Malam na karanto layi yana tsayawa ya yi tari. Uwar mijina, Hajiya, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Ke dai kin iya magani. Karen lafiya lau, malamai ne suka ji jiki."

Ranar da asirina ya tonu, na makara ne wurin ba raguna ruwa. Wani ɗalibi ya shimfiɗa buzunsa daidai kan jiƙaƙƙen wuri, ya yi nafila ya zauna, sai da ya tashi ya ga danshi a rigarsa. Bawan Allah ya je ya wanke ya sake sallarsa. Malam ya sake kirana. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Na daɗe ina ganin rairayin nan yana raguwa, na yi shiru don na ga karen yaro ne. To, ƙarshen watan nan za mu yi walimar saukar littafi, manyan mutane za su zo. Daga yau zuwa ranar, in ya ƙara ko sau ɗaya, kada ki jira in yi magana."

Maigidana ya ƙara da nasa, ya ce ranar da kare ya tafi, ranar zai kira dillalin raguna. Na shiga ɗaki na zauna, raina a jagule. Haushin karen nake ji, ina kuma jin tausayinsa, ga shi ya zo bakin ƙofa yana kaɗa mini wutsiya kamar bai san abin da ya jawo mana ba.

Da safe na ce yau ba duka, ba tsawa, ido kawai zan zuba masa, ruwa ai ba ya tsami banza. Na ba shi ɗumamen tuwo ya cinye, na koma gefe na yi kamar ina tsince shinkafa. Can sai na ga ya fara shinshine-shinshine. Ya zagaya tsakar gida, ya sa ƙafa yana karta ƙasa. To, tsakar gidanmu an shafe ta da siminti tun kafin a kawo ni, daga bakin ɗakuna har wurin turke. Ya karta nan, farce ya zame. Ya matsa can ya karta, ya zame. Ya yi ɗan kuka, ya dube ni, sannan ya kwasa a guje ya nufi soro. Na riga shi isa na sure shi.

Ina riƙe da shi abin ya faɗo mini. A gidan kawuna a kan rairayi aka haife su, a kansa suka buɗe ido, a kansa uwarsu ke tona rami ta yi abinta. Duk faɗin gidanmu kuwa babu inda ƙafa za ta nutse sai soron Malam. Ashe ba raini ba ne, ba kuma taurin kai ba. Wurin tono yake nema, mu kuma mun toshe ko'ina da siminti, sannan muna dukansa don ya samo wa kansa.

Ranar na tare mai jaki na sa ya juye mini rairayi a wani saƙo kusa da turken raguna, na kewaye shi da tubali. Na aika bola aka ɗebo mini kaɗan daga wanda na zubar jiya, na cakuɗa a ciki don ya ji warinsa. Hajiya ta tsaya tana kallona, hannu a haɓa.

Ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Har da gina wa kare banɗaki? Saura buta."

Na ce, "Hajiya, in buta ce za ta sa ya zauna, gobe zan sayo."

Daga nan na ɗaura ɗamara. Da ya farka daga barci in kai shi. Da ya ci abinci in kai shi. In na ga ya fara shinshina ƙasa, ko tuwo nake tuƙawa sai in ajiye muciya in sure shi. In ya yi a wurin, in gutsura masa ƙuli-ƙuli in yi ta yaba masa kamar ya ci jarrabawa. Miyata ta sha ƙonewa a kwanakin nan. Yakan je da kansa wani lokaci, wani lokaci kuma sai na tare shi a hanyar soro. Don haka har ranar walima ta zo ban san matsayina ba.

Ranar tun da sassafe aka kwashe tsohon rairayin soro aka shimfiɗa sabo, aka turara wurin, aka jera tabarmi ta gefe-gefe aka bar tsakiya. Ni kuwa na ɗaure Duna da igiya a bayan turke, na ce yau ko zai yi kukan duniya ba zan kwance shi ba. Na koma bakin murhu ina suyar waina, baƙi suka cika soro, karatu ya kankama.

Ina cikin juya waina na ga wani baƙin abu ya gifta ta gefena da guntuwar igiya a wuya. Ya tattaune ta. Kuma yara sun riga sun cika masa ciki da romo ban sani ba. Na saki cokali na bi shi, amma kafin in kai ya shige ƙarƙashin asabarin ƙofar soro. A nan na ja birki. Mace ba ta faɗa wa taron maza haka, balle surukai da manyan malamai. Na tsaya ina leƙe ta tsakanin karan asabari.

Mai karatu ya yi shiru. Kowa ya tattare rigarsa. Wani ya ɗaga takalmi, Malam ya ɗaga masa hannu ya ce a bar shi. Duna ya taka sabon rairayin nan, ya shinshina, ya zagaya, har ya sa ƙafa ya yi tono sau ɗaya. Na rufe ido na ce shi ke nan, raguna sun tafi. Da na buɗe sai na ga ya tsaya cak, kansa a sama, kamar wanda ya tuna saƙo. Ya juya, ya kutso ta ƙarƙashin asabari, ya bi ta tsakanin ƙafafuna a guje, bai tsaya ko'ina ba sai saƙon rairayinsa kusa da turke. Ya yi tono, ya tsuguna, ya gama, sannan ya taho wurina yana kaɗa wutsiya yana jiran ladansa.

Sai na ji muryar Malam daga soro yana tambayar maigidana ina karen ya nufa. Ya leƙo ya gani, ya koma ya faɗa masa. Malam ya ce, "To, jama'a, kun dai gani. Wata guda bai cika ba ya riƙe darasinsa. Akwai waɗanda muke tare shekara da shekaru a nan, har yau ina maimaita musu babin tsarki."

Soro ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina bayan asabari hawaye na zuba, ga waina can tana ƙonewa, ban damu ba. Na ɗebo guda uku masu kyau daga na baƙi na ajiye masa. Hajiya ta gani ta kau da kai.

Da yamma bayan an watse, Malam ya shigo cikin gida da kansa, abin da ba ya cika yi ba. Ya tsaya ya dubi ɗan saƙon rairayin, ya dube ni, ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe karenki, ki riƙe kiwonki." Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Duna ya tsufa a gidan, ba a sake hauro mana katanga ba, kuma soro bai sake ganin ɓarnarsa ba.

Abin da na koya a kansa ya yi mini amfani har a kan 'ya'yan da na haifa. "Bari" da "kar ka kuskura" kowa ya iya faɗa, kuma ba sa gyara komai su kaɗai. Wanda ya dage a kan ɓarna, sau da yawa wani abu yake nema bai samu ba. In ka hana shi nan, to sai ka nuna masa inda zai je.