Tasoshin Inna Uwaliya

To ai ku da ba ku san Inna Uwaliya ta Gubuci ba, ba ku san gajiya ba. Shekara arba'in matar nan tana daka furar sayarwa, ɗan abin da ta samu sai ta sayi tasar tagulla ta jera a ɗaki. Wai su ne shanunta, su za su riƙe ta ran tsufa.

Tsufan ya zo, ɗaki ya fara yoyo, ta fito da su sayarwa don ta gyara rufi, babu mai tayawa. Jikarta ma cewa ta yi, "Haba Inna, kula ake yayi, wa zai ci tuwo a wannan?"

Sai wani Irmiya mai sayen tsofaffin kaya ya aiko daga Makarfi, zai zo dubawa. Uwaliya ta ce abin kunya ne baƙo ya tarar da kwanon mace ya yi baƙi. Kwana biyu tana dirza da tsamiya da toka, har yatsunta suka tsage.

Irmiya ya ɗaga ɗaya, ya dafe kai. "Mama, wa ya sa ki? Baƙin nan ai shi ake saye. Yanzu cewa za a yi jiya aka ƙera su." Ya ajiye, ya hau mashin ɗinsa.

Tasoshin suna nan a ƙasa suna ƙyalli, suna tarar ruwan yoyo.

Ku faɗa min don Allah, tun yaushe dauɗa ta zama abin sayarwa?