Basfar da ta fi mu ci

Matata ce ta kawo shi gidan, kamar yadda take kawo duk wani sabon abu da zai hana ni sakat. Wani shafi ne a intanet, kyauta, in ban da 'yar datar da yake sha. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, shi kuma ya zana maka hoto kamar faifai, ya yanyanka shi launi-launi: kore na cefane, shuɗi na haya, rawaya na makarantar yara. A ƙungiyarsu ta mata masu sayar da dankali ta gano shi, ta dawo tana ta zumuɗi.

"Malam, daga yau za mu san inda albashinka yake shiga," in ji ta.

Ni kuwa na san inda yake shiga, abin da ya sa ban yi murna ba ke nan. Ina koyarwa a firamare, muna haya a unguwar Congo-Russia a Jos, kuma kullum bayan la'asar sai na biya ta Kwararafa wurin wani mai tsire inda muke zama da abokai. Sanyin Jos ba ya son a tare shi da ciki wayam. Matsalata ba ci ba ce, baki ne. Da na ga an kusa share takarda sai in ji kaina ina cewa, "A ƙaro, ni zan biya." Wallahi wani lokacin kafin in san na faɗa har an yanka albasa.

Shafin guda ne, mabuɗin shiga guda, kowa na gani a wayarsa. Ranar farko na tsaya a ƙofar gida ina goge yaji a baki, ina duba jerin gidajen lissafin da matata ta buɗe a shafin. Babu gidan tsire, kuma ba ni da fuskar da zan buɗe shi. Can ƙasa na hango "gyaran Basfa". Na ce madalla.

Basfar nan ta mahaifina ce. Ya saye ta da kuɗin aikin kuza tun ban yi wayo ba, a gabanta nake tsayawa ya kai ni makaranta, kuma ita kaɗai na ce a bar mini da aka zo rabon gado. Yanzu 'yata ce ke tsayawa a wurin kowace safiya, ta riƙe madubi tana ba ni umarni. Ina son Basfar nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe. Amma tsohuwa ce, kowa zai yarda tana ciwo, ita kuma ba ta da bakin musu.

Haka muka yi wata uku. Duk tsinken da ya wuce ta maƙogwaron abokaina, Basfa ce ta ci. Har na ƙware: yau in rubuta fulogi, gobe taya, jibi in ce kabireta. Matata takan duba ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, tsufa." In amsa da murya irin ta mai jinya.

Wata Asabar da hantsi ta ajiye mini wayarta kusa da kofin shayi. Faifan nan ya cika, ga wani jan yanki ya kwanta a kai ya danne koren cefane.

"Malam, dubi nan. Mu biyar a gidan nan, amma Basfa ta fi mu ci. Na yi magana da maƙwabcinmu, ya ce yana da mai saye."

Na dire kofin shayin. Maƙwabcin namu Inyamuri ne, mai shagon kayan gyaran babura, a Jos aka haife shi, kuma mutum ne da ba ya sanya a harkar ciniki. Kafin in haɗa wata ƙaryar har ya yi sallama da akwatin sifanu a hannu.

"Oga ticha, madam ya ce za ka sayar. Bari na duba shi tukuna, kar mai saye ya zage ni."

Na bi shi zaure ina addu'ar ya sami aibin da zai kashe cinikin. Ya durƙusa, ya kwance fulogi, ya ɗaga shi sama yana kallo. Ya latsa taya. Ya leƙa ƙasa. Matata na tsaye a bakin ƙofa da waya, tana karanto masa tarihin jinya: fulogi sau kaza, kabireta sau kaza. Shi kuwa sai kallona yake, ni kuma na sami wani abin sha'awa a jikin bango.

"Oga, wane makaniki yana yi maka aiki? Nuna mini shi, abeg. Wannan fulogi ya girmi yarinyarka."

Nan na sallama. Na faɗi komai, har da sunan unguwa da yawan bakunan da nake ciyarwa. Maƙwabci ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Matata ma ta dara, ta ce dama tana mamakin kabiretar da ke barin ƙamshin ƙuli-ƙuli a aljihun riga. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an tashi wasa ke nan, Basfa ta tsira.

Sai dariyar maƙwabci ta yanke. Hannunsa na ƙarƙashin Basfar, ya jawo wayar birki ya nuna mana. Duk ta tsintsinke, saura sili biyu ko uku suke riƙe da ita.

"Da wannan kana sauka gangare da yarinya a gaba?"

Matata ta dubi wayar birkin, ta dubi inda 'yarmu ke tsayawa, sannan ta dube ni. Na fi son ta yi faɗa, amma sai ta juya ta shige ciki. Wata uku ina rubuta gyara, ita kuma tana sakin jiki tana miƙo mini yarinya kowace safiya, don ta yarda babu abin hawan da ya kai namu samun kulawa a garin nan. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, kuma tsoro ya biyo bayanta.

Ba a sayar da Basfa ba. Maƙwabci ya tura ta shagonsa, ta kwana biyu, ya ƙi karɓar kuɗin hannu. Ranar da na ɗauko ta na buɗe shafin zan rubuta, sai na tarar matata ta buɗe sabon gida ta sa masa "tsiren Malam", ta yanka masa ɗan abin da ba zai ƙosar da mutum uku ba. Na wuce shi na gangara ƙasa, na rubuta kuɗin wayar birki a gidan gyaran Basfa. Na kai mata rasit har kicin, ta karanta shi sau biyu kafin ta kira yarinyar ta ce ta ɗauko jakarta ta makaranta.