Ranar da Dattawa Suka Zauna a Tiren Matata

Ni karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma ko a aji huɗun an koya mana cewa abin zuba abinci daban, abin ɗora mazaunai daban. Sai ga shi tsohon hedimasta, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zane 'ya'yan mutane a kan ladabi, shi ne bai san wannan ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da ya faru, kada in mutu ya riƙa ba da labarin yadda ya ga dama.

Mu huɗu ne muke ciyayya a ƙofar gidana a nan Daura, tun gashinmu yana baƙi. Bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera, a ci tare. Akwai ni. Akwai hedimastan nan, wanda taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Akwai tsohon direba da ya tsufa a hanyar Damagaram, yanzu ba abin da ya rage masa sai wata mota da ba ta tashi sai an tura. Sai mahauci, wanda muke kira Sarkin Fawa ko da yake babu wanda ya naɗa shi. Mutum ne mai jiki, in ya zauna a benci sai sauranmu mu koma tabarma.

Fitinar ta wayar hedimasta ta shigo. Ɗansa da ke karatu a ƙasar Turawa ya turo masa bidiyo: shi da abokansa sun hau wani dutse fari fat da ƙanƙara, kowa ya ɗaure katako a ƙafa, suna silalowa ƙasa suna ihu. Da suka gama suka zube a ƙasa suna cin wani abu a takarda, kowa da nasa.

Na ce, "Wannan yaron karatu aka tura shi ko karya ƙafa?"

Hedimasta ya ce ban gane ba ne, motsa jiki ne, kuma a ƙarshen mako ake yinsa. Direba, da ba wanda ya tambaye shi, ya ce ai ya san wani tudun rairayi bayan Mai'adua, dab da iyaka, a ƙauyen surukinsa, wanda ya gangara har cikin busasshen rafi. In ƙanƙara fara ce, to shi ma rairayin fari ne. Kafin mu wanke hannu an tsai da Asabar. Na ce mu da kullum Asabar ce a wurinmu, me ya hana Talata? Hedimasta ya ce ƙa'idar abin ke nan.

Na yarda zan je ne don ya kamata a sami mai hankali ɗaya a motar.

Uwargida ta ce za ta yi mana dambu da zogale. A nan ne na roƙi tiren. Tire ne na ƙarfe, mai nauyi, faɗinsa ya kusa ƙofar ɗaki, an zana masa furanni ja da shuɗi a tsakiya. Na mahaifiyarta ne, Allah ya jiƙanta. Da shi aka yi wa tsohuwar jere, da shi aka yi wa matata. A bango yake rataye, ba ya sauka sai sallah ko suna. 'Yarmu ta fari ta roƙa lokacin aurenta, aka ce ta yi haƙuri.

Uwargida ta ce, "Malam, ina za a da shi?"

"Ziyara, gidan surukin direba."

"Da su wa?"

Na lissafa mata. Da na zo kan hedimasta sai ta ce, "In da taubashinka a tafiyar, ɗauki roba."

Na ce haba, a je garin mutane a zuba dambu a roba kamar masu sayar da shi a tasha? Na dafa ƙirji na ce abinci ne zai hau tiren nan, abinci ne zai sauka, ko ƙuda sai ya nemi izinina. Ta sauko da shi, ta naɗe shi a zane.

Ta ce, "A hannunka na ba ka, a hannunka zan karɓa."

Asabar da safe muka tura motar ta tashi. Ban taɓa ganin tafiyar da aka ci abinci kamar wannan ba. Kafin mu bar Daura an sayi ƙosai. A Mai'adua aka tsaya aka sayi awara da yaji a baƙaƙen ledoji, da rake, da gyaɗa. Sarkin Fawa ya tsaya gaban wani mai tsire yana cewa wannan ba nama ba ne, igiya ce aka shafa wa ƙuli. Yana zagi yana ƙarawa, har sai da muka ja shi. Dambun kuwa yana cikin kula a bayan mota, tiren yana kan cinyata.

Surukin direba ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya nuna mana hanya. Da aka gaya masa abin da ya kawo mu sai ya ce Allah ya ba da sa'a, irin yadda ake faɗa wa mai tafiya asibiti.

Tudun kam tudu ne. Kafin mu kai samansa kowa ya tuna da ciwon gwiwarsa. Hedimasta ya sa kafinta ya feƙe masa katako, an buga masa maɗauri na tsohuwar taya. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya zura ƙafafu, ya buɗe hannuwa kamar yadda ya ga ɗansa ya yi, ya ce bismillah. Katako bai motsa ba. Ya sake bismillah da ƙarfi. Katako ya ƙara nutsewa. Sarkin Fawa ya ce bari ya taimaka, ya dafa bayansa ya tura. Katakon ya tsaya inda yake, hedimasta ne ya tafi. Hularsa ta fi shi nisa.

Aka gwada jarkar mai da direba ya tsaga biyu. Ita kam ta ɗan tafi, sai ta juya ta kifar da direban. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, na ce alhamdulillahi, an gwada an gani, a zo a ci abinci.

Bayan azahar na shimfiɗa zane a gindin wata aduwa, na juye dambun a tire, na daidaita shi, na yaryaɗa man gyaɗa. Wallahi ya yi kyau, koren zogale a kan jan fure. Sai na hango matan Fulani da ƙorai a hayin rafin. Na ce dambu ba ya tafiya shi kaɗai, ku jira in samo mana fura da nono. Na rufe tiren da gefen zane, na ce kada wanda ya taɓa.

Ina dawowa da ƙwarya a hannu na ji ihu daga saman tudu. Na ɗaga kai. Wani abu ne ke gangarowa yana sheƙi, Sarkin Fawa a kansa, ƙafafu a sama, riga ta cika da iska, yana salati da iyakar muryarsa. Ya wuce ni kamar mashin, bai tsaya ba sai tsakiyar rafi. Har na ce masha Allah, sun samo abin da ke tafiya. Sai ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ɗaga abin sama yana murna. Rana ta haska jajayen furanni.

Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryar ba.

Na ce, "Sarkin Fawa, mene ne wannan a hannunka?"

"Malam, ka ga gudu? Ka ga gudu kuwa?"

"Ina dambun?"

Ya nuna aduwa. Ledoji huɗu ne rataye a reshe, waɗanda aka ci awara a cikinsu.

Hedimasta ya gangaro da ƙafa yana haki, fuskarsa duk rairayi, ya fara yi mini darasi. Wai katako yana da kaushi, jarka ba ta da faɗi, amma gindin tire sumul yake, shi ya sa. Wai wannan shi ake kira bincike.

Na ce, "Kai ma ka zauna?"

"Ni na fara, don a tabbatar babu haɗari."

"Direba fa?"

Direba ya ce, "Haba Malam, ai da wando muka zauna."

Na ce, "Da ba da wando za ku zauna ba? Ku dattawa, masu jikoki, masu sahun gaba a masallaci, ku rasa inda za ku ɗora abin zamanku sai inda ake cewa bismillah a sa hannu? Tiren da mai shi take kabari?"

Ana cikin haka surukin direba ya iso da buta. Ya dubi tiren, ya dube su, ya ce su a nan ko turmi ba a bari yaro ya zauna a kai. Na so in rungume shi.

Abincin ranar shi ne na biyu a baƙin cikina. Kowa ya tsinko ledarsa ya koma gefe ya tsuguna, yana tura hannu ciki kamar mai satar gyaɗa. Ba wanda ya tura wa wani wajen mai, ba wanda ya ce wane ka rage gudu. Dambun ya sha yajin awara, ya sha rairayi, kana tauna yana amsawa. Hedimasta ya ce ai haka ɗansa ma suke ci a can. Na ce to Allah ya dawo da shi gida lafiya a koya masa. Na cinye nawa ne kawai don kada wahalar uwargida ta tafi a banza.

Sai na duba tiren. Gindinsa ya goge har farin ƙarfe ya fito. Tsakiyarsa ta lotsa kamar kasko, wannan aikin Sarkin Fawa ne, babu mai musu. Furannin duk sun tsattsage. A gidan surukin muka kwana. Ranar Lahadi da za mu taso direba ya ce a kifa shi a ƙasa ya bi ta kai da taya ɗaya, zai miƙe. Na naɗe tire na rungume, har Daura ban yi wa kowa magana ba. An sayi kankana a hanya, na karɓa ba tare da na kalli mai miƙowa ba.

Uwargida ta warware zanen a tsakar gida. Ta juya tiren, ta sake juyawa. Ta sa tafin hannunta a inda ya lotsa, ta daɗe.

Ta ce, "Wannan ba sawun abinci ba ne. Su nawa suka zauna?"

Yadda ta gane, Allah kaɗai ya sani. Na ce su uku.

"Kai fa?"

"Wallahi ban zauna ba."

"Kana ina?"

"Na je sayen fura."

"Furar na ba ka amana?"

Ta ɗauki tirenta ta shige ɗaki. Daga ranar tuwona a ɗaki ake ajiye mini, daidai cikina, babu na fita da shi. Ni da ake ciyayya a ƙofar gidana, sai in fito hannu biyu in zauna ina jan carbi, ana cewa Malam bismillah ina cewa na ƙoshi. Unguwa ta fara tambaya ko lafiya. Na gaya wa mutanen nan uku cewa su suka ɓata, su za su gyara.

Ranar Juma'a bayan masallaci suka zo da manyan riguna, hedimasta a gaba, yana riƙe da sabon tire a leda. Irin na yanzu ne, mara nauyi, in ka ɗaga shi yana kuka kamar kwanon rufi. Suka zauna a zaure. Uwargida ta tsaya a bayan ƙyaure, aka gaisa. Hedimasta ya yi jawabi mai tsawo, har da kuskure ɗan Adam ne. Ta ce babu komai, ta gode, Allah ya bar zumunci. Ta ce kada su tashi, ta ɗora tukunya.

Sarkin Fawa ya raɗa mini, "Ka gani? An wuce wurin."

Da ta kira ni in ɗauko abincin, sai na tarar da dambu ne, ya ji zogale ya ji mai, an tula shi a tsohon tiren, daidai cikin lotsawar. Na buɗe baki, ta ce in kai. Na kai na dire a tsakiyar zaure.

Daga bayan ƙyaure ta ce, "Bismillah, Malamai. Na wanke shi."

Direba ya kalli hedimasta. Hedimasta ya kalli rufi. Sarkin Fawa ya ce a hankali, "Ni dai a wane gefe na zauna?"

Direba ya ce, "Kai ai babu gefen da ka bari."

Ba a mayar wa matar gida da abincinta, ballantana wanda ya zo ban haƙuri. Suka wanke hannu, suka fara tsakura daga baki-baki. Ni kuwa na koma gefe na harɗe, ina kallon hukuncin Allah. Sai na ji muryarta.

"Malam, kai ma matsa."

Na ce, "Ni? Ni da ban zauna ba?"

"A hannunka na ba ka."

Na matsa. Ni da ko yatsan ƙafata bai taɓa tiren nan ba, na ci tare da masu laifi, kuma da yake su suna noƙewa, tsakiyar ni ta faɗo wa. Har yau ban ga adalcin wannan ba, kuma duk malamin da na kai wa ƙara sai ya yi dariya.

Washegari da magariba kwanon gidana ya koma fita. Amma ba a kwano yake fita ba. Tuwo ne, shinkafa ce, ɗanwake ne, a tsohon tiren take zubawa, kullum. Na ce mata ai an hukunta su, a mai da shi bango mana.

Ta ce, "Bango na abin da ake girmamawa ne. Ɗauki ka kai musu, yana hucewa."